Kaboyi: Tsakanin Allon Silima da Filin Harbi

 

A makon jiya na tarar da jikana a zaure ya ɗora tsohuwar malafata a ka, ya auna ƙanwarsa da guntun kara, yana cewa ta ɗaga hannu sama. Na buɗe baki zan tsawata masa, sai na tuna da kaina. Mu da muka yi ƙuruciya a zamanin gidajen silima marasa rufi, wane ne a cikinmu bai taɓa zama kaboyi a bayan gari ba? Mun san John Wayne da Gary Cooper kamar baffanninmu, har wasunmu laƙabin Jango ya bi su zuwa furfura, saboda fim ɗin Django na 1966.

Wannan ƙauna ba ta tsaya a kanmu ba. A Amurka, mahaifar abin, wasu dattawa masu irin marmarinmu sun mayar da ita wasa mai dokoki. A jihar Kalifoniya aka soma, a farkon shekarun 1980. Gasarsu ta farko, mai suna End of Trail, an yi ta a 1982, kana a 1987 suka kafa ƙungiyar Single Action Shooting Society, wadda ke tsara wasan. Kowane mamba sai ya zaɓi laƙabi irin na mutanen da, ya sa tufafin ƙarshen ƙarni na 19, ya zo da bindigogi samfurin wancan zamani: ƙananan bindigogin hannu biyu, irin Colt ta 1873 da sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi, da doguwa irin Winchester, da kuma ta harbin tsuntsaye, galibi mai baki biyu. Ana shirya fili kamar gaban banki ko tashar jirgin ƙasa, a jera farantan ƙarfe, mutum ya harbe su bi da bi, na'ura tana lissafa masa lokaci. Wanda ya kuskure faranti ɗaya a ƙara masa sakan 5. Maza da mata da matasa duk suna shiga.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsananin dokokinsu. Ba a ɗura harsashi sai a kan teburi na musamman, a gaban mai sa ido. Bindigar hannu mai cin harsashi 6, guda 5 kawai ake sa mata, a bar gurbin da ke daidai bakinta fanko, don ko ta faɗi kada ta tashi. Wanda ya karkata bakin bindiga wajen jama'a, ko da babu komai a cikinta, an cire shi daga zagayen. Ashe mutanen da suka fi kowa son Jango su ne ba su yarda a riƙe bindiga yadda Jango yake riƙe ta ba. Wannan ladabi kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami.

Tarihi ma bai goyi bayan silima ba. Kaboyi na gaskiya makiyayi ne ɗan ƙodago. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, aikinsa shi ne koro garken shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene, tafiyar wata biyu ko uku cikin ƙura da ƙishirwa, a kan ƙaramin albashi. Duk wanda ya taɓa bin shanu daga Azawak zuwa kasuwannin kudu ya san wannan rayuwa fiye da mai shirya fim. Da yawansu baƙaƙen fata ne da ƴan Meziko, waɗanda tsofaffin fina-finai suka share. Zamanin bai wuce shekara 20 da ƴan kai ba, waya mai ƙaya da layin dogo suka kashe shi. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone suna da dokar hana yawo da bindiga a cikin gari. Faɗan nan na O.K. Corral da aka yi ta maimaitawa a fina-finai, ranar 26 ga Oktoba 1881 aka yi shi, bai wuce kimanin sakan 30 ba, mutum 3 suka mutu. Su kuma ƴan asalin ƙasar, waɗanda muke ihun murna idan sun faɗo daga kan doki, gonakinsu da makiyayarsu ake ƙwacewa. Muna yara ba wanda ya gaya mana haka.

Wani ɗan Nijar ya hango haɗarin tun da wuri. A 1966 Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015, ya yi fim ɗin Le Retour d'un aventurier, inda Zalika Sule da Jingare Maiga suka fito. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka canja sunaye, suka hau dawaki, suka shiga sata da dukan mutane, har wasa ya kai ga zubar da jini. Shekara kusan 60 ke nan, amma wanda ya dubi halin da ƙauyukanmu na kan iyaka ke ciki da ƴan bindiga ba zai kalle shi yana dariya kaɗai ba.

Ba ina cewa a hana yara kallo ba ne, domin akwai alheri a cikin waɗannan fina-finai. A High Noon na 1952, mai tsaron doka ya tsaya shi kaɗai ranar aurensa, bayan duk mutanen gari sun zame masa. A Shane na 1953, jarumin ya gama faɗa ya bar garin, domin ya san wanda ya kashe rai ba ya komawa yadda yake. Cika alkawari, kare mai rauni, nauyin jini: waɗannan darussa ne, amma yaro ba ya tsintarsu shi kaɗai. Shi ƙarar harsashi yake ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka uba ya zauna kusa da ɗansa, ya tambaye shi wane ne aka zalunta, kuma wa zai ciyar da marayun wanda ya faɗi. Wanda kuma yake da bindigar farauta a gida, ya kulle ta, ya ajiye harsashi a wani wuri dabam.

Shi kuwa jikana, na bar masa malafar, na karɓe karan. Na kafa masa gwangwani a kan katangar bayan gida, na ba shi danko, da sharaɗi ɗaya: ba ya auna mutum, ba ya auna dabbar maƙwabci. Ƙanwarsa ce ke ƙirga masa kuskure, kuma ba ta yi masa rangwame.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.