"Ai wasa ne" ba hujja ba ce

Wasu abokan aikina malamai, in aka kai musu ƙarar yaron da ya zagi uwar ɗan'uwansa cikin wasan salula, sai su ce ai wasa ne. Ban yarda ba.

Mu mutanen Damagaram ba Turawa suka koya mana shiga rigar wani ba. Tun kafin a buga Dungeons & Dragons a Amurka a 1974 muna da wasan kara: talaka ya naɗa rawani ya zama sarki, wani ya zama gwamna, kowa a fili ya ba su girmansu har a tashi. Mutum guda ya ƙi faɗuwa gaisuwa, wasa ya lalace wa kowa. Haka dara a gindin itace nan Kurni: wanda aka ci yana shan dariya da habaici, amma ba a taɓa iyayensa, shi ma ba ya watsa karare don ya hango kaye. Ko barkwancin taubasai, da UNESCO ta karrama a 2014, Bafillace da Babarbare sun san inda ake tsayawa.

Ɗan Free Fire kuwa ya laɓe bayan sunan aro, ya ɗura ashar, ya fice ya bar abokansa tsakiyar fama. Wanda ya zaga sau da yawa ɗan ajinsu ne. Washegari mu ke rabon faɗa.

Masu cewa a ƙwace wayoyi su ma sun kauce. Ku zaunar da yaran, su naɗa sarkin wasa mai ikon korar mai zagi.