Hilin Wasanni: Gudun Yada Ƙanin Wani



Wanga wata zancenmu na gudun yada ƙanin wani ne, wanda nasaru ke ce ma marato. Tsawonshi kilometir 42 da metir 195. Daga Damagaram zuwa Mirya ka komo, da saura kamar kilometir 6.

A 1960, a birnin Roma, Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya ci shi ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Amma shi ya shekara da shekaru yana shiri. Kai da za ka hwara, ba ma kanka wata 4 ko 5. Yi gudu sau 3 ko 4 a sati, da asuba, tun rana ba ta yi zahi ba, sannu-sannu yadda za ka iya magana da abokin tahiya. Sau guda a sati ka yi mai nisa, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har kilometir 30. Sati 3 kamin ranar, rage.

Inda samari ke kuskure, hutu ne. Sun ɗauke shi ragganci. To, ran hutu jiki ke gyara kanshi. Wanda ya hana mashi, gwiwa ko ƙwabri za su zaunar da shi tilas. In hitsari ya yi ja, ruwa ya kasa: sha da ɗan gishiri da sukari. In jiri ya kama ka, ko kai ya ruɗe, tsaya, nemi inuwa, a kai ka gidan likita. Zahin rana yana kisa.

Bayan tseren, ƙahwahu za su yi tsami kwana 3 ko 4. Sha hura, ci wake, yi barci, taka sannu cikin gari. Kada ka koma gudu mai ƙarhi sai bayan sati 2 ko 3.