Taɓo da Santsi: Wa Ya Kwashi Ribar?

Ya ku 'yan'uwa mazauna Badun da Ikko, har yau in aka tada zancen PRP sai zaure ya rabu biyu. A 1980 jam'iyyar ta tsage saboda zaman da Rimi da Balarabe Musa ke yi da gwamnonin UPN da GNPP. 'Yan Taɓo suka tsaya bayan Malam Aminu Kano, 'yan Santsi suka bi gwamnonin. Mu dai a ganinmu NPN ce ta kwashi ribar: a 1981 'yan majalisarta suka tsige Balarabe, a 1983 Lawal Kaita ya karɓe Kaduna. Haka jam'iyyar Leba ta Ingila ta dare a 1981, wasu manyanta suka kafa SDP, Thatcher ta lashe zaɓen 1983 cikin ruwan sanyi.