Wai kiɗan na'ura na Turawa ne?

1/ Jiya a situdiyo na kunna tsohon fiyanona Casio, wani yaro ya kwashe da dariya: "Oga, wannan ai kayan Turawa ne, kuma ya tsufa." Wallahi raina ya ɓaci. Ku matso, akwai magana.

2/ A 1978, Mamman Sani ya shiga gidan rediyon Nijar a Yamai da fiyanonsa na lantarki, Orla ƙirar Italiya, ya naɗi kaset guda. Shekara da shekaru kiɗansa ake sawa tsakanin shirye-shirye. Shi ma Baturen ne?

3/ A Inugu kuma William Onyeabor na can yana danna Moog a situdiyonsa, yana buga faifansa da kansa.

4/ Abin takaici, sai a 2013 kamfanonin Amurka biyu, Sahel Sounds da Luaka Bop, suka sake fitar da kiɗan mutanen nan, duniya ta ɗauka. Mu fa? Barci.

5/ Nan gida ma haka. Fiyanon Yamaha ne ya raya waƙoƙin finafinai irin su Sangaya. Yau 'yan gwangwan ke auna irinsa a sikeli, kasusuwan kuma zafi da ƙura na cinye su. Haba jama'a!

6/ Ba faɗa nake da kwamfuta ba, da ita nake cin abinci. Amma ku leƙa ɗakin Baba. In kun ga tsohon kaset, ku juye shi yau. In fiyano ne, ku kai gyara. In ba haka ba, gobe da dala za mu sayi namu.