Kafin a sauke injin tsohuwar Peugeot, a dubi kalar hayaƙin

Da zarar salansar tsohuwar Peugeot 504 ta fara hayaƙi a Kawaji, sai a ce wa mai ita a sauke inji. Gaggawa ce mai cin kuɗi, ga motar da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, kayanta kuma sai an sha nema.

Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa: galibi kafireta ce, ko ƙurar hunturu ta toshe matacin iska. Fari mai kauri, lagireto na shanye ruwa, gasket ne. Shuɗi kuwa baƙin mai ke ƙonewa, amma in da safe kaɗai yake fita ya ɗauke, a fara zargin robar bawul kafin ring.

Bakaniken da ko fulogi bai kwance ya duba ba, bai cancanci a tura shi Ƙofar Ruwa da kuɗi ba.