Kwatano: Rankwafawar tsofaffin Zango ba tsufa ba ce kawai

A ranar 20 ga Oktoban kowace shekara ake bikin ranar yaƙi da zaizayewar ƙashi ta duniya, cutar da likitoci ke kira ostéoporose da Faransanci. A Zango da Gbégamey da ke birnin Kwatano, ranar kan wuce shiru, duk da cewa alamar cutar na nan a gidaje da dama: kakar da bayanta ya lanƙwashe, tsawonta ya ragu, ana cewa shekaru ne.

Sau da yawa ba shekarun kaɗai ba ne. Idan ƙashi ya zaizaye, musamman ga mace bayan ɗaukewar al'ada, ƙasusuwan gadon baya kan murƙushe ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ba tare da faɗuwa ba. Haka doron yake fitowa. Gidauniyar IOF mai yaƙi da cutar ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 za su samu irin wannan karaya.

Inda ake asarar dama shi ne karayar farko. Tsohuwa ta zame a wurin alwala, wuyan hannunta ya karye, a kai ta wurin maɗori. Ƙashin na iya haɗewa, amma ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ƙaramar faɗuwa ta karya shi. Karaya ta gaba kan zo a ƙugu, ita kuma sai an yi tiyata a babban asibiti irin CNHU Hubert Koutoukou Maga. Ko a Turai, kusan mutum 1 cikin 5 na tsofaffin da ƙugunsu ya karye ba ya cika shekara a raye.

Kwatano kuwa gari ne mai kayar da tsoho: ruwan damina da ke kwanciya a lunguna daga Afrilu zuwa Yuli, tayil mai santsi a makewayi, da hawa da saukar zemijan. Hular kwanon da aka tilasta wa fasinjoji a 2024 kai take karewa, ba ta san da ƙugu ba.

Akwai kuma magani. Ƙwayoyi irin dexamethasone, da ake sha don ciwon gaɓoɓi ko don a yi ƙiba, suna cin ƙashi idan aka daɗe a kansu. Gwamnati ta rushe kasuwar magunguna ta Adjégounlè a Dantokpa a 2017, sai dai ɗabi'ar shan magani ba da izinin likita ba ba ta rushe tare da rumfunan ba.

A takarda, doka ta wajabta inshorar lafiya a Jamhuriyar Benin, kuma shirin ARCH na ɗaukar nauyin marasa ƙarfi. Amma shiga tsarin na buƙatar rajista da takardun shaida, abin da kan zama cikas ga dattijon da ya zo daga Maraɗi ko Sakkwato ya tsufa a Zango. A irin wannan gida, 'ya'ya ne ke haɗa kuɗin tiyata.

Rigakafin ya fi araha nesa ba kusa ba. Wagashi, nono, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, miyar kuka da zogale duk suna da sinadarin kalsiyam. Tafiya a ƙasa da shan hantsi suna ƙarfafa ƙashi. Tsohon da tsawonsa ya ragu da santimita 4, ko ya karye daga faɗuwar tsaye, hoton gadon baya yake buƙata, domin akwai magungunan da ke rage haɗarin karaya ta biyu.