Rawani a Kan Wani, Sanda a Hannun Wani

A nan Baguida, inda Jamusawa suka ƙulla yarjejeniyar 5 ga Yuli 1884 suka kuma kafa mazaunin mulkinsu na farko, mun daɗe da sanin cewa takarda guda kan sauya makomar ƙasa ba tare da an shawarci talaka ba. Abin da aka yi wa kujerar shugaban ƙasar Togo ya sake tuna mana wannan darasi.

Tsarin mulkin 1992 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar. A 2002 aka kankare wannan iyaka, Janar Eyadéma ya ci gaba da mulki har rasuwarsa a 2005, bayan shekara 38 a kan karaga. An maido da iyakar a 2019, amma ba a lissafa shekarun da ɗansa Faure Gnassingbé ya riga ya yi ba. A watan Mayun 2024 kuma aka zartar da sabon tsarin mulki, wanda majalisa ta amince da shi ba tare da ƙuri'ar raba-gardama ba.

Yanzu 'yan majalisa ke zaɓen shugaban ƙasa, na shekara huɗu, kuma ba ya wuce wa'adi biyu. Aikinsa shi ne zama alamar haɗin kan al'umma. Gwamnati da rundunar soja suna hannun Shugaban Majalisar Ministoci, wato jagoran jam'iyya mai rinjaye, wanda babu adadin wa'adin da aka yanka masa. Ranar 3 ga Mayu 2025 aka naɗa wa Jean-Lucien Savi de Tové rawanin, Faure ya riƙe sandar.

Masu goyon baya suna cewa haka ake yi a Jamus, inda Angela Merkel ta shekara 16 tana jagorancin gwamnati. Gaskiya ne. Sai dai a can majalisa tana da ƙarfin tsige shugaban gwamnati, zaɓe kuma yana sauya masu rinjaye. A nan, jam'iyyar UNIR ce ta kwashe kujeru 108 cikin 113 a zaɓen Afrilun 2024. Wa zai ɗaga hannu ya tuhumi jagoransa?

Ra'ayina shi ne linzami a bakin doki ake sa shi, domin shi ke gudu. Mun ɗaure kujerar da ba ta yanke haraji, mun saki wadda ke hukunci kan kasuwar Asigame da tashar jirgin ruwan Lome, inda abincin mutanen Zongo yake. Ya kamata a yanka wa Shugaban Majalisar Ministoci wa'adi, a kuma kawo duk wani gyaran tsarin mulki gaban jama'a su kaɗa ƙuri'a. Wanda zai ɗauki kaya shi ya cancanci a tambaye shi nauyinsu.

Allah Ya ba mu shugabanni masu sanin lokacin sauka.